Yadda Nake Ajiyar Abincin Gida Tun Daga Kaka

Daga watan Oktoba zuwa Disamba ne hatsi yake kwararowa kasuwa. Manomi yana neman kuɗin biki da na makaranta da na biyan bashin taki, sai ya fito da amfani, farashi ya sauko. Daga nan sai ya dinga hawa a hankali har a kai Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Gidanmu mu takwas ne, ni da Malam da yara biyar da ƙanwarsa da take karatu a wurinmu, muna haya a Kano, ba rumbu ba sito. Ni malamar firamare ce, shi tela. Da wannan ɗan samun muke sayen abinci a kaka mu ajiye, kuma sayen ba shi ne mai wuya ba. Wahalar tana wajen kai hatsin har damina ba tare da ƙwaro ko danshi ko yawan ɗiba sun cinye shi ba.

Kafin ki taka kasuwa, uwargida, ki san abin da gidanki yake ci. Da yawanmu ba mu sani ba, don kullum cefane ake yi, rabin kwano yau, gwangwani uku gobe. Ki samu littafin rubutu irin na 'yan makaranta, wata guda cur duk abin da aka ɗora a wuta a rubuta. Ni babbar 'yata na ba wa wannan aiki, don ta fi ni son biro. A gidanmu tiya ɗaya ta masara, bayan surfe da niƙa, tana yi mana tuwon dare biyu har da ɗan ɗumame. In aka cire ranakun shinkafa da taliya, tiya 12 ke nan a wata, 144 a shekara. Buhun kilo 100 yana ɗaukar kusan tiya 40, wato buhu uku da rabi da ɗan ɗoriya, sai in ce huɗu saboda baƙi. Wake tiya 5 a wata, buhu ɗaya da rabi. Gero buhu ɗaya, don koko da kunun azumi. Kwano ma ba ɗaya ba ne, tiyar Kano daban mudun Kaduna daban, saboda haka ki yi lissafinki da kwanon kasuwar da za ki je.

Ba ma iya sayen duka a lokaci guda. Abin da nake yi shi ne, tun farkon zubi nake roƙon uwar adashenmu ta sa ɗaukata a Nuwamba. Kowa gabannin Sallah yake so, don haka ba a cika yi mini gardama ba. Malam kuma yana ware wani abu daga ɗinkin Sallah. In kuɗin bai kai ba, wake nake fara saya, don shi ne naman gidanmu kuma shi ya fi tashin gwauron zabi, sannan masara. Shinkafa ba na tara ta, kuɗin buhu ɗaya yana cinye na sauran. Bashi kuwa ba na ci don ajiya.

Kada kuma ki ɗauka kullum farashi hawa yake. A 2025 hatsi ya faɗi warwas, waɗanda suka cika sito a kakar 2024 don su sayar da tsada suka tafka asara. Ni abin bai hana ni barci ba, tunda ba na sayarwa na ajiye ba, na ci ne, kuma mun ci. Wata maƙwabciyata ta taɓa ce mini, “Maman Aisha, wannan ba shi ne ɓoye abincin da malamai suke hanawa ba?” Na ce mata abin da ake hanawa shi ne ɗan kasuwa ya danne kaya har jama'a su galabaita don ya tsawwala. Tanadin iyali kuwa ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah (SAW) yakan ajiye wa iyalansa abincin shekara.

A kasuwa

Mu nan Kano muna da Dawanau a kan hanyar Katsina, kasuwar hatsin da babu kamarta a wannan yanki. Kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako sun fi sauƙi sau da yawa, sai dai ki haɗa da kuɗin mota da na dako kafin ki ce kin yi araha. Mu gida uku muke haɗuwa mu ɗauki mota ɗaya, mazan su je da mace ɗaya da ta san hatsi.

Kada ki yi gaggawar sayen masarar farko ta watan Satumba. Tana da nauyi a kwano saboda ruwa ne a cikinta. Ki jira iskar hunturu ta fara kaɗawa. In kin je, kada ki tsaya a abin da aka baje a bakin buhu, ki sa a juye shi a auna a gabanki, ko da za ki ƙara wa yaron awo wani abu. Ki ɗauki ƙwaya ki ciza: busasshiya ƙas take yi ta fashe, mai danshi lotsawa take yi a haƙori. Wake ki duba jikinsa da kyau. In kin ga ɗigo-ɗigo fari ƙanana manne da shi, ƙwan ƙwaro ne, in kuma akwai huji a wasu ƙwayoyin, to an gauraya da tsoho. Sannan ki cika tafi ki shinshina. Waken da yake warin magani, ko kyauta aka ba ki, ki bar shi a nan.

Shanya

Duk yadda mai hatsi ya rantse ya bushe, in an kawo gida sai na sake shanya shi kwana biyu ko uku. A kan tamfol ko tabarma, ba a kan ƙasa ko siminti tsirara ba, a baza shi ba kauri, a dinga motsawa. Yara suna nan suna korar kaji da akuyar maƙwabta, suna tsince tsakuwa da ruɓaɓɓun ƙwayoyi. Da la'asar a kwashe kafin raɓa, a bar shi ya huce a inuwa. Hatsi mai zafi ba a ɗure shi a leda, gumi zai yi.

Akwai gwajin da nake yi in ina shakka. Ki samu kwalba busasshiya mai murfi, ki zuba hatsin kamar sulusinta, ki ƙara cokali biyu na gishirin da kika shanya ya bushe sarai. Ki rufe ki girgiza sosai, ki ajiye kamar minti 15, ki sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin yana da sauran danshi, a koma shanya. In ya zube ƙasa warwar, kin gama.

Wake

A nan ne mata suka fi kuka, don haka zan daɗe a kai. Ƙwaron wake ba daga ɗakinki yake shiga buhu ba, tun daga gona yake zuwa. Uwar tana saka ƙwai a jikin kwanso ko ƙwayar, tsutsar ta huda ta shige ciki tana ci, cikin kamar wata guda ta fito ta zama ƙwaro, ita ma ta saka nata. Shi ya sa za ki ajiye wake tas a Nuwamba, ki buɗe a Maris ki tarar da gari da huji. Wanke ɗaki ko ɗaure bakin buhu da igiya ba ya maganin abin da yake ciki. Abin da yake kashe shi shi ne a hana shi iska.

Hanya ta farko ita ce buhun PICS, wanda wasu suke kira mai ciki uku. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu daga 2007. Ana samunsa wurin masu kayan noma, akwai na kilo 50 da na kilo 100. Ni na fi son ƙaramin, don ko ni da yarinya muna iya ja. Kafin ki zuba komai, ki buɗe kowace leda ta cika da iska, ki murɗe bakin ki danna, ki saurara ko tana tsiyayar da iska. Mai huji ba ta da amfani sai kin liƙe ta da salatif mai kyau. Ki zuba wake kaɗan a leda ta farko don ta zauna, ki saka ta cikin ta biyu, ki saka su cikin buhun, sannan ki ci gaba da zubawa kina jijjigawa don ya zauna daram. Ki bar wajen ɗauri. Ki matse iskar da ta rage a sama, ki murɗe bakin leda ta ciki, ki lanƙwasa shi, ki ɗaure da igiya ko robar tayar keke. Haka za ki yi wa ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje shi kaɗai. Ɗauri uku daban-daban, ba a haɗa su. Ƙwarin da suke ciki za su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu.

Hanya ta biyu, wadda na fi amfani da ita saboda ƙarancin wuri, ita ce jarka. Jarkar man gyaɗa mai lita 25 nake saya wurin masu shago, in wanke da ruwan zafi da omo, in kife ta a rana har kwana biyu, don ɗigon ruwa ɗaya a ciki ya isa ya ɓata aikin. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ko maganin feshi ba ta shiga wannan harka. Ana ɗura waken da mazurari, ana bubbuga gindin jarkar a ƙasa har ta cika maƙil zuwa wuya. Jarka rabi ba ta kashe ƙwaro, don iskar da ke ciki ta ishe shi rayuwa. Sai a shimfiɗa leda a bakin a murɗa murfin a kanta ya ɗame. Kowace tana cin wajen tiya 8, kusan waken wata ɗaya da rabi ke nan a gidana. Amfaninta shi ne in na buɗe ɗaya, sauran suna nan a rufe.

Ko buhu ko jarka, kada ki buɗe kafin wata biyu. In kika ce bari ki ɗan ɗebi na alala ki mayar, kin ba su sabuwar iska. Saboda haka tun ranar ɗuri ki ware na cin wata biyun farko a wani bokiti daban. Shi wannan in ya fara ƙwaro, ki shimfiɗa baƙar leda a tsakar gida da tsakar rana, ki baza waken, ki lulluɓe da farar leda mai nuna ciki, ki danne gefuna da duwatsu kamar awa biyu. Zafin da yake taruwa a ciki yana kashe ƙwaron har da ƙwansa.

Kakata a ƙauye da toka take yi. Ta tankaɗe tokar murhu, kwanon toka kwanon wake, ta cakuɗa a tulu ta rufe saman da tokar. Yana aiki, sai dai wankin waken kafin girki aiki ne, kuma mai girki da gas ina za ta samu toka mai yawa haka? Barkono da ganyen darbejiya da ake sakawa suna ɗan rage ƙwaro, amma ni ba zan jingina buhu guda a kansu ba.

Abin da ba ya shigowa gidana shi ne maganin ƙwari a cikin abinci. Akwai masu yayyafa Sniper ko fiya-fiya a wake, akwai masu jefa ƙwayar nan da ake kira bom a cikin buhu su ajiye a ɗakin da ake kwana. Bom hayaƙi yake fitarwa mai guba, kuma yana kashe mutum, yara ne ma kan gaba. Irin sinadarin da ke cikin Sniper ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Su sun ƙi saya, ni kuma sai in dafa wa 'ya'yana?

Masara, gero da gyaɗa

Masara ma buhun PICS ko jarka, yadda aka yi wa wake. A ajiye ta da ƙwayarta, kada a surfe. Surfe da niƙa na mako biyu kawai nake kaiwa inji, in an kawo garin in baza shi ya sha iska ya bushe kafin in zuba a bokiti mai murfi, don garin da aka rufe da ɗuminsa yakan yi tsami ya yi tsutsa. Dusar kuma kada ki bar wa mai inji, ki karɓo abinki ko don kaji ko ki sayar wa masu kiwo. Gero da dawa sun fi haƙuri, musamman gero. Mutanen ƙauye da suke ajiye shi da zangarniyarsa a rumbu yakan shekara biyu ko fi lafiya lau.

Ki sa ido a kan funfuna a masara da gyaɗa. Ƙwayar da ta yi kore-kore ko baƙi, ko ta yanƙwane tana ɗaci, tana iya ɗauke da gubar da ake kira aflatoksin, wadda take lalata hanta kuma take hana yara girma. Dafuwa ba ta kashe ta. A tsince a zubar, kada a ce bari a ba kaji ko a yi kunu da ita don kada a yi asara. Gyaɗa in da hali a ajiye ta da ɓawonta, a dinga ɓarewa daidai bukata.

Wurin ajiya, mu lungun ɗakin yara mata ne da ƙarƙashin gadona. Kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango. Katako ko bulo biyu da falanki sun isa, a bar tazarar tafin hannu daga bango saboda danshi da gara. Ɓera shi ne abokin gabar leda, huji ɗaya ya yi aikin ya rushe, don haka a share duk ƙwayar da ta zube, a toshe ramuka da siminti. Jarka ta fi tsira daga gare shi.

Kayan miya

Kakar tumatir daban take. Daga Janairu zuwa Maris ne na noman rani yake cika kasuwa, daga Kadawa da kewaye, a Kwanar Gafan da 'Yan Kaba za ki ga kwanduna har ba wurin taka ƙafa. Da damina ta kama kuma sai ya koma ƙwaya huɗu a faranti. Kauɗar kasuwa, wato busasshen tumatir, a ƙasa ake shanya yawancinta, shi ya sa miyarta take ƙasa-ƙasa a baki, har wasu mazan suka tsane ta. Ta gida ba haka take ba. Ki sayi kwando na tumatir mai tsoka wanda ba ruwa ne ya cika shi ba, ki wanke, ki cire masu tabo, ki yanka kowanne gida biyu ko huɗu. Ki jera a kan tabarma mai tsabta a bisa wani abu mai tudu, wajen yankan yana kallon sama, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. A hunturu kwana biyar zuwa mako yake ɗauka. In ya bushe har ba ya manne wa yatsa, a zuba a bokiti mai murfi. Kwando guda zai koma ɗan abin da za ki yi mamaki, kada ki ce an sace. Tattasai da attaruhu ma haka, sai dai su a tsaga su kawai.

Ranar girki ki jiƙa kauɗar a ruwan ɗumi kamar rabin awa, ki markaɗa da albasa mai yawa da ɗanyen tattasai ko biyu ne in akwai, ki soya da kyau. Malam da yake cewa shi ba ya cin miyar kauɗa, har yau bai san ranar da ake yi da ita ba.

Kuɓewa a ƙarshen damina ake yanka ta a shanya. Zogale da rama da lalo a inuwa ake busar da su, rana tana ƙona korensu. Kuka ki sayi ganye ki daka da kanki, ta kasuwa ba ki san me aka haɗa ba. Albasa tana araha wajen Fabrairu zuwa Afrilu, amma ita ba ta son rufi: a baza ta a kan yashi ko raga inda iska take ratsawa, duk mako a cire mai laushi. Ba na sayen fiye da ta wata uku.

Hannun da yake ɗiba

Abinci in yana jibge a ɗaki, hannu yakan saki. Yarinya za ta auna tuwo ta ƙara ɗan tsibi tunda akwai, a wayi gari ana zubar da saura. Don haka ranar ɗaya ga wata nake fitar da kason watan in zuba a bokitan kicin, da gwangwanin awo guda da kowa ya sani. Abin da ke cikin jarka ba a taɓa shi sai wata ya mutu. Kowace jarka na rubuta mata watan da za a buɗe ta da fenti a jiki, har ƙaramin yarona yana iya karantawa.

Sai maganar 'yan'uwa, wadda ita ce ta fi ƙwaro wuyar sha'ani. Duk wanda ya ga an sauke buhu a ƙofar gidanki ya gani. Gwaggo za ta aiko, maƙwabciya za ta turo yaro da kwano a Agusta, almajirin gida yana nan. Hana su ba halin kirki ba ne, kuma ni ma an ba ni a lokacin da ba ni da shi. Abin da muka yi da Malam shi ne, tun ranar ɗuri muke ware rabin buhun masara da jarkar wake ɗaya da sunan kyauta. Daga nan nake ba kowa, da sakin fuska, ba tare da na je neman izini ba. In ya ƙare sai in faɗa masa, shi ya san abin da zai yi daga aljihunsa. Wannan ya raba mu da yawan ƙorafin “ina hatsin da na sayo?”

Yara kuma ina sa su a ciki da gangan, maza da mata. Su ne masu tsintar wake, masu riƙe mazurari, masu yankan tumatir in sun kai riƙe wuƙa. Ledojin buhun dai ba na barinsu inda ƙanana za su yi wasa da su, saboda yaro yana iya sa kansa a ciki.

Da ruwan farko ya sauka nake zagaya kayan duka. In taɓa ƙasan buhu in ji ko ya yi sanyi, in duba ko rufin ɗaki yana yoyo ta wajen, in sake shanya kauɗa da kuɓewa duk ranar da aka samu rana mai ƙarfi, don su suna saurin jan danshi su yi baƙi. Wajen Satumba jarkoki sun kusa ƙarewa. Ragowar tsohon hatsi a cinye shi tukuna, kada a zuba sabo a kansa. A wanke jarkokin a kife, a sake gwada ledojin buhu da iska, wadda ta huje a mayar da ita ta shanya, a sayi sabuwa kafin Nuwamba, don da kaka ta kama masu sayarwa suke ƙara mata kuɗi.